Kasuwar Ƙwadago, Albashi da Rashin Aikin Yi: Tambayoyi da Amsoshi

Ilimin tattalin arziki ya kasu gida biyu. Akwai ɓangaren da ke duban mutum guda ko gida guda ko kamfani guda, akwai kuma wanda ke duban ƙasa ɗungurungum, wato abin da take samarwa, da farashin kayanta, da yawan mutanenta da ke aiki. Tambayoyin da ke tafe na ɓangare na biyu ne, kuma Najeriya aka ɗauka a matsayin misali, sai dai inda wani ra'ayi ya samo asali daga wata ƙasa, a nan an bar shi a inda ya fito.

Me ake nufi da kasuwar ƙwadago?

Duk wanda ya taɓa fita da sassafe a manyan biranenmu ya ga leburori sun yi cincirindo a bakin titi, kowa da shebur ɗinsa ko diga ko kwanon ɗaukar kankare, suna jiran mai gini ya tsaya da mota. Idan motar ta tsaya sai a yi ciniki a tsaitsaye: mutum nawa ake so, jinga za a yi ko kuɗin yini, da abincin rana ko babu. Wannan ita ce kasuwar ƙwadago a siffarta mafi sauƙi. Abin da ake cinikinsa shi ne lokacin mutum da ƙarfinsa da ƙwarewarsa, farashinsa kuwa shi ne ladan aiki, ko an kira shi albashi ko kuɗin yini ko kuɗin ƙwadago.

Ladan yakan tashi idan masu neman ma'aikata sun fi ma'aikatan yawa, kamar yadda ake gani a karkara lokacin noman farko da lokacin girbi, sa'adda kowane mai gona yake neman hannu a mako guda. Yakan sauka idan rani ya yi, 'yan cin rani suka cika birane. Masanin da ke duban ƙasa baki ɗaya yana haɗa waɗannan ƙananan kasuwanni duka, daga na ɗan dako har na likita, ya tambayi kansa mutum nawa ne ke aiki, nawa suke samu, nawa ne kuma suka rasa. Abu guda da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ba a neman ma'aikaci don kansa. Mai gidan burodi ba ya ƙara yara sai idan ana sayen burodi, saboda haka duk abin da ya taɓa ciniki sai ya taɓa aiki.

Wane ne marar aikin yi a ma'aunin masu ƙididdiga?

Ba duk wanda ke zaune ba ne. Bisa ƙa'idar Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, sai sharuɗɗa uku sun haɗu a kan mutum kafin a kira shi marar aikin yi: bai yi aikin da ake biya ko ake cin riba ba a makon da aka yi binciken, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu. Ɗalibin da ke makaranta, da tsohon da ya yi ritaya, da matar da ta zaɓi kula da gida kawai, duk ba sa cikin lissafin, domin ba sa cikin rundunar ma'aikata.

A ɗauki misalin gari mai manya 1,000. Idan 700 suna aiki, 100 suna nema ba su samu ba, sauran 200 kuma ba sa aiki ba sa nema, to rundunar ma'aikatan garin mutum 800 ce, kuma rashin aikin yi ya kama 100 cikin 800, wato kashi 12.5 cikin 100. Yanzu a ce 50 daga cikin masu neman nan sun gaji sun fid da rai, sun daina kai takardunsu ko'ina. Lissafin zai koma 50 cikin 750, wato ƙasa da kashi 7 cikin 100, alhali ba mutum ko ɗaya da ya sami aiki. Wannan na daga cikin raunin ma'aunin, kuma shi ya sa masana ba sa duban adadi guda su yanke hukunci.

Ta yaya rashin aikin yi a Najeriya ya faɗo daga kashi 33 zuwa kashi 4 cikin 100?

Wannan tambaya ta tayar da ƙura ƙwarai, kuma mutane suna da hujjar mamaki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta bayyana cewa a rubu'in ƙarshe na shekarar 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100, wato mutum sama da miliyan 23. Daga nan sai aka daɗe ba a fitar da sabon rahoto ba, har watan Agusta na 2023, inda hukumar ta ce a rubu'in farko na wannan shekarar adadin kashi 4.1 ne kacal. Ba wani ruwan ayyuka aka yi a tsakanin ba. Ma'aunin ne aka sauya.

A tsohon tsari, duk wanda ya yi aiki ƙasa da awa 20 a mako ana ƙirga shi a matsayin marar aikin yi, wanda ya yi tsakanin awa 20 da 39 kuma ana ƙirga shi a matsayin mai ƙarancin aiki. A sabon tsari, wanda ya dace da ƙa'idar ILO da yawancin ƙasashe ke bi, wanda ya yi aikin awa ɗaya kacal a cikin kwana bakwai domin lada ko riba, mai aiki ne. Saurayin da ya gama digiri, ya karɓi aron babur ɗin yayansa ranar Asabar ya ɗan yi acaɓa na awa biyu, ya shiga sahun masu aiki ke nan a wannan makon, ko da sauran kwana shida a majalisa ya yi su.

Kuskure ne a ce hukumar ƙarya ta yi, domin da wannan ma'aunin ne ake iya kwatanta Najeriya da Ghana ko Nijar ko Indiya. Amma ya kamata a fahimci abin da ƙaramin adadin yake faɗa. A ƙasashen Turai, wanda ya rasa aiki yana karɓar tallafi daga hukuma har tsawon watanni, don haka yana da halin ya zauna ya nemi aikin da ya dace da shi. A Najeriya babu irin wannan tallafi, kuma magidancin da ya zauna mako guda bai taɓa komai ba, tukunyar gidansa ba za ta hau wuta ba. Dole ya tura kurar ruwa, ko ya yi tallan rake, ko ya yi yankan farce, ko ya ɗauki kaya a tasha. Ƙarancin adadin marasa aiki a ƙasa irin tamu yana nuna cewa talaka ba shi da ikon zama ba aiki, ko da abin da aikin yake kawowa bai ciyar da shi ba. Afirka ta Kudu ta fi Najeriya samun kuɗin shiga ga kowane mutum, amma rashin aikin yi a can ya haura kashi 30 cikin 100, kuma daga cikin dalilan akwai cewa ƙananan sana'o'in kan titi ba su yi yawa a can kamar a nan ba, sannan gidaje da dama suna dogaro da tallafin da gwamnati ke ba tsofaffi da yara.

To wane adadi ya fi bayyana halin da ake ciki?

A ganina adadi biyu ne, kuma duka suna cikin rahotannin NBS ɗin da ake ta gardama a kansu. Na farko, sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna aikin da ba na tsari ba ne, wato babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Na biyu, sama da kashi 80 cikin 100 aikin kansu suke yi, masu karɓar albashi kuwa ba su kai kashi 20 ba. Da yawa daga cikin masu aikin kansu ba sha'awar kasuwanci ce ta kai su ba, rashin wanda zai ɗauke su ne. Don haka babbar matsalar ita ce miliyoyin mutane suna fita tun asuba su dawo bayan magariba, amma rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce.

Rashin aikin yi iri ɗaya ne?

A'a, kuma bambancin yana da muhimmanci domin kowane iri da maganinsa. Akwai na ɗan tsakani, kamar na wanda ya gama hidimar ƙasa yana neman inda zai fara, ko wanda ya bar wani aiki yana jiran wani. Wannan ba ya ƙarewa a kowace ƙasa, kuma ba abin tayar da hankali ba ne. Akwai na yanayi, wanda Arewa ta fi kowa saninsa, domin damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar a mafi yawan ƙasar Hausa, kuma da an kai amfanin gona rumbu sai manomi ya rasa abin yi idan ba shi da fadama. Cin rani tsohuwar amsa ce ga wannan matsala, noman rani a wurare irin su Kadawa da Bakolori kuwa sabuwar amsa ce.

Na uku shi ne wanda ke zuwa idan tattalin arziki ya shiga koma-baya, kamar yadda ya faru a Najeriya a 2016 bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, da kuma a 2020 lokacin annobar korona. Irin wannan yakan ja da baya idan ciniki ya farfaɗo.

Na huɗu ya fi duka ciwo, shi ne wanda ke faruwa idan wata masana'anta ta mutu baki ɗaya, ƙwarewar ma'aikatanta ta rasa mai saye. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta zama mafarin jerin masaƙu a Kakuri waɗanda suka ɗauki dubban ma'aikata, haka kuma Kano ta yi fice da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Tsadar kayan gyara bayan karya darajar naira a 1986, da rashin wutar lantarki, da tsufan injuna, da atamfofin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, suka taru suka durƙusar da su, har masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kula da injin saƙa ba zai wayi gari ya zama wani abu dabam ba, kuma farfaɗowar ciniki a wani ɓangare ba ta dawo masa da aikinsa. Tare da shi, mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa, da mai gidan hayar da yake zaune, da manomin audugar Funtuwa da Gusau, duk sun ji a jikinsu.

Idan masu neman aiki sun yi yawa, me ya sa albashi ba ya sauka har kowa ya samu?

Masana na da can sun ɗauka haka zai faru, wato rashin aiki zai warkar da kansa kamar yadda tumatir yake karyewa idan ya cika kasuwa. Babbar karayar tattalin arzikin duniya da ta faro a 1929 ta girgiza wannan ra'ayi, domin a 1933 kimanin kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ba su da aiki, kuma halin ya ɗauki shekaru. A 1936 masanin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana cewa albashin ma'aikaci kashe kuɗi ne ga mai kamfani, amma shi ne kuma kuɗin da ake sayen kayan sauran kamfanoni da shi. Idan kowa ya rage albashi a lokaci guda, ciniki zai ƙara mutuwa, a ƙara sallamar ma'aikata. Shawararsa ita ce gwamnati ta kashe kuɗi a irin wannan lokaci domin ta cike giɓin.

Akwai kuma dalilai na cikin wurin aiki. Ma'aikacin da aka rage wa albashi yakan yi sanyin jiki, ko ya fara neman wani wuri, ko hannunsa ya fara tsawo. Henry Ford ya gane haka a 1914, lokacin da ya mayar da ladan ma'aikatan kamfanin motocinsa dala 5 a yini, fiye da ninkin abin da yake biya a da, domin ya gaji da yadda suke gudu suna barin aiki. Duk mai shagon da ya taɓa rasa amintaccen yaro saboda ƙwauro ya san wannan lissafin. Ga kuma yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago da dokar mafi ƙarancin albashi. A ɓangaren da ba na tsari ba kuwa, lada yana sauka sosai, sai dai ta wata fuska: idan masu Adaidaita Sahu suka ninka a kan titi guda, kuɗin mota ba lallai ya sauka ba, amma abin da kowane direba zai kai gida bayan ya biya balas ya sha mai zai ragu.

Mene ne ainihin abin da ke ɗaga albashi a ƙasa?

A gajeren lokaci, ƙarfin ciniki ne tsakanin ma'aikaci da mai ba da aiki. A dogon lokaci kuwa, yawan abin da ma'aikaci yake iya samarwa a awa guda ne. Tela biyu masu ƙwarewa ɗaya, ɗaya yana da keken lantarki da wutar da ba ta ɗaukewa, ɗaya yana taka keken ƙafa yana jiran a kawo wuta kafin ya yi aikin surfani, ba za su taɓa samun kuɗi ɗaya ba. Direban bas a Jamus bai fi direban bas a Kano iya tuƙi ba, amma yana aiki a cikin tattalin arzikin da injuna da hanyoyi da ilimi suka sa awa ɗaya ta mutum take da tsada. Shi ya sa wutar lantarki, da taki, da hanyar kai kaya kasuwa, da makarantar da yaro zai fito ya iya karatu da lissafi, duk batutuwan albashi ne, ko da ba a ambace su a teburin sulhu tsakanin gwamnati da 'yan ƙwadago.

An ƙara albashi sau da yawa, me ya sa ma'aikata suke cewa gara jiya da yau?

Domin adadin da ke kan takarda dabam, abin da zai saya a kasuwa dabam. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, an kafa mafi ƙarancin albashi a kan naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. A 2000 ya koma naira 5,500 ga jihohi da 7,500 ga ma'aikatan tarayya, a 2011 ya zama 18,000, a Afrilun 2019 ya zama 30,000, sannan a Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan 70,000, bayan yajin aikin watan Yuni wanda aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa a cikinsa. Naira 30,000 ta 2019 ta ɗan haura dala 80, amma naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba.

Dala ba ita ce cikakken ma'auni ba, domin ma'aikaci ba da ita yake cefane ba, amma ma'aunin kwanon masara da kuɗin mota ma labari guda yake bayarwa. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a lissafin NBS. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan an ƙara wa mutum kashi 20 cikin 100 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 30, to an rage masa albashi ne, ko da takardar biyansa ta nuna ƙari.

Gaskiya ne ƙarin albashi shi ke jawo tsadar kaya?

Wani lokaci haka ne, kuma dattawa ba su manta da Udoji ba. A 1974 kwamitin da Jerome Udoji ya jagoranta ya ba gwamnatin Janar Yakubu Gowon shawarar ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya ma'aikata bashin watannin baya a dunƙule, a lokacin da kuɗin mai ke kwarara. Mutane suka ruga sayen babura da rediyo da kayan ɗaki, alhali kayan da ke ƙasar ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi da sama da kashi 30 cikin 100 a 1975. Manomi da ɗan tireda, waɗanda ba su karɓi ko sisi ba, su ma sun biya sabon farashin.

Amma ba daidai ba ne a ɗora wannan labarin a kan kowane ƙari. A 2023 da 2024 farashi ne ya riga ya tashi saboda man fetur da canjin kuɗi da rashin tsaron da ya hana noma a yankuna da dama, albashi kuwa biyo baya ya yi yana ɗingishi. Abin dubawa shi ne daga ina kuɗin ƙarin zai fito. Idan daga haraji ko rage almubazzaranci ne, tasirinsa a kan farashi kaɗan ne. Idan kuwa Babban Banki ne zai ƙirƙiro kuɗin ya ranta wa gwamnati, to kowa zai biya a kasuwa.

Dokar mafi ƙarancin albashi tana rage guraben aiki?

Ra'ayin da aka daɗe ana koyarwa shi ne, idan doka ta sa farashin ma'aikaci ya haura abin da yake samar wa kamfani, kamfanin zai rage ma'aikata. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, makwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci kimanin 400 a ɓangarorin biyu, kuma binciken da suka wallafa a 1994 bai nuna raguwar ayyuka a New Jersey ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne, inda masu ba da aiki ba su da yawa, sukan biya ƙasa da abin da ma'aikaci ya cancanta, don haka ƙari madaidaici ba ya korar kowa. Card ya sami kyautar Nobel a 2021, kodayake har yanzu masana sun yarda cewa ƙarin da ya wuce kima yana da illa.

A Najeriya tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce, wa dokar ta shafa? Ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ba ta san da zaman yaron shago ko mai aikatau ko ɗan ƙwadagon gona ba. Malaman ƙananan makarantu masu zaman kansu da yawa suna karɓar abin da bai kai rabin adadin doka ba. Ko a cikin gwamnati, jihohi sun sha bamban: Legas ta sanar da naira 85,000, Kano 71,000, wasu kuma sun yi ta jan ƙafa, musamman kan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Akwai alaƙa tsakanin hauhawar farashi da rashin aikin yi?

A 1958 A. W. Phillips, ɗan ƙasar New Zealand da ke koyarwa a Landan, ya duba alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957, ya ga cewa a shekarun da marasa aiki suka yi ƙaranci albashi yakan tashi da sauri. Daga nan gwamnatoci suka ɗauka za su iya sayen ƙarin ayyuka da ɗan ƙarin hauhawar farashi. Milton Friedman ya yi gargaɗi a 1968 cewa wannan dabara ba ta ɗorewa, domin da zarar ma'aikata sun saba da tashin farashi za su sa shi cikin abin da suke nema tun daga farko. Shekarun 1970 suka gaskata shi, lokacin da tsadar mai ta haɗa wa ƙasashen Yamma tsadar kaya da rashin aiki a lokaci guda. Halin da Najeriya ta shiga ya fi kama da wannan na shekarun 1970. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024 domin ya tare farashi, amma hakan yana tsananta wa mai masana'antar da ke neman rance, kuma kuɗin ruwa ba ya mayar da manomin Zamfara gonarsa.

Me ya sa masu ilimin boko suka fi fama da rashin aiki?

Rahotannin NBS suna nuna rashin aikin yi ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, kuma ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi sakandare zuwa sama fiye da waɗanda ba su shiga aji ba. Wannan ba ya nufin karatu asara ne. Wanda iyayensa suka iya kai shi jami'a, sau da yawa suna iya ciyar da shi shekara biyu ko uku yana jiran aikin gwamnati ko na banki, kuma jiran yana da ma'ana a lissafinsa, tunda aikin albashi mai fansho ya fi buga-buga nesa ba kusa ba. Masana biyu, John Harris da Michael Todaro, sun bayyana irin wannan a 1970 bisa abin da suka gani a Gabashin Afirka: idan albashin birni ya fi na karkara sosai, ƙirƙirar gurbi ɗaya a birni na iya jawo mutum biyu ko uku su baro ƙauye, layin masu jira ya ƙara tsawo. Ga kuma giɓin da ke tsakanin abin da ake koyarwa da abin da kasuwa ke nema, har ana ganin masu gine-gine a Abuja da Legas suna ɗauko masu ɗaura tayil da masu filasta daga Togo da Benin.

Matan da ke sana'a a cikin gida suna shiga lissafi?

Suna shiga, muddin don sayarwa suke yi. Mai ƙuli-ƙuli, da mai ɗinkin hula, da mai kitso, da mai dafa wake da shinkafa ta aika a kai bakin kasuwa, duk masu aiki ne a ƙa'ida. Wahalar tana wajen tambaya, domin idan jami'in ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida, amsar da zai samu sau da yawa ita ce matar ba ta aiki, alhali da ribar sana'arta ake yin adashi da kayan ɗakin 'ya'ya. Girki da reno da ɗebo ruwa na gida kuwa ba a ƙirga su a matsayin aikin yi, duk da cewa babu ma'aikacin da zai iya fita ba tare da su ba.

Me gwamnati za ta iya yi?

Gwamnatoci sun gwada ɗaukar mutane kai tsaye da koyar da sana'a. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kuma ƙaddamar da shirin N-Power a 2016, wanda ya riƙa biyan matasa masu digiri naira 30,000 a wata. Irin waɗannan shirye-shirye suna rage raɗaɗi ga wanda ya samu shiga, amma dubban ɗaruruwa suke ɗauka a ƙasar da miliyoyin matasa ke isa shekarun aiki kowace shekara, kuma idan wa'adi ya cika yawancinsu sukan koma inda suka fito. Haka ma rabon kekunan ɗinki: idan aka yaye tela ɗari a garin da mutanensa ba su da kuɗin ɗinka sabon kaya sai da Sallah, an raba ƙaramin ciniki ne tsakanin mutane masu yawa.

Abin da ya fi tasiri shi ne duk matakin da zai sa mai ƙaramar masana'anta ya ga riba a ƙara ma'aikaci na goma da na ashirin, wato wutar da ba sai ya sayi dizal ba, da rance mai sauƙin ruwa, da hanyar da kayansa za su bi ba tare da shingayen karɓar kuɗi ba, da farashin da zai iya yin lissafin wata shida a kansa. A Arewa musamman, tsaron karkara da faɗaɗa noman rani suna gaba da komai, domin manomin da ke da ruwa a watan Janairu yana ɗaukar 'yan ƙwadago a lokacin da a da shi kansa yake hawa mota zuwa kudu, kuma shinkafar da ya noma ita ce ke ba injinan casa na Kano da Kebbi aikin da za su ɗauki ma'aikata na albashi.